Ya Danne Birki da Gangan, Ka Dake Shi ta Baya: Yadda Muke Bin Sawun Laifi

Kafin ɗan sanda ya iso wurin haɗari, 'yan kallo sun riga sun yanke hukunci: wanda ya daki baya shi ne da laifi. A yawancin karon baya gaskiya suka faɗa, kuma mu da muke auna wurin haɗari muna rubuta wa kamfanonin inshora da lauyoyi rahoto, daga nan muke farawa. Amma akwai karon da wannan magana take zaluntar mutum a cikinsa. Direba ya ji haushi don an yi masa hon, ko don yana ganin an hana shi hanya, sai ya sha gabanka ya danne birki alhali babu komai a gabansa, wai don ya koya maka hankali. Irin wannan fayil ɗin zan bi da ku, tun daga bakin titi har inda ake raba kuɗin gyara.

Abin da doka ta ɗora wa na baya shi ne ya bar tazarar da za ta ishe shi tsayawa idan na gaba ya tsaya ba zato. Saboda haka da zarar an ga gaban motarka a jikin bayan ta wani, kotu tana fara zaton sakaci daga gare ka, nauyin bayani kuma ya hau wuyanka. Zato ne, ba hukunci ba, ana iya rushe shi. Sai dai ba a rushe shi da rantsuwa ko ɗaga murya. Na gaba shi ma akwai haƙƙi a kansa, kada ya tuƙa mota ta hanyar da za ta jefa sauran masu bin titi cikin hatsari, kuma cin birki mai tsanani ba dalili yana cikin wannan. Wasu ƙasashen sun rubuta shi ɓaro-ɓaro. A dokar hanya ta Jamus, sashe na 4 da ya wajabta wa na baya barin tazara shi ne kuma ya hana na gaba taka birki da ƙarfi ba tare da dalili mai tilastawa ba. A Najeriya ana shigowa ne ta ƙofar tuƙin ganganci da ta sakaci. Tambayoyi biyu ne duk aikinmu yake zagayawa a kansu: me ya sa na gaba ya taka birki, kuma wa ya cinye tazarar da ke tsakanin motocin?

Awa ta farko

Idan akwai wanda ya ji rauni, shi ne gaba da komai. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ita ce 122. A kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayan motar, domin karo na biyu a babbar hanya ya kan fi na farko muni.

Bayan wannan, abin da muke roƙon direba shi ne kada ya yarda a motsa motocin kafin a ɗauki hoto. A cikin gari, irin Titin Zariya a Kano da safe, jami'an kula da hanya da masu hon ba za su bari ku toshe titi ba, kuma suna da gaskiya. Minti uku sun isa idan ka san abin da kake ɗauka. Fara da hoto daga nesa, kamar taku talatin ta baya da taku talatin ta gaba, yadda za a ga motocin biyu da layin titi da gefen hanya a hoto guda. Hoton da aka ɗauka daga gaba shi ne ya fi daraja a irin wannan shari'a, kuma shi mutane suka fi mantawa. Shi ne yake nuna ko akwai rami, ko tudun rage gudu, ko shingen bincike, ko mahaɗa, ko fasinja a tsaye a gaban motar da ta ci birki. Idan titi fes yake, hoton ya faɗa. Sannan ka zagaya ƙasan kowace taya da alli, ko gawayi, ko ɓallin bulo, ka sake ɗaukar hoto, sai a ture motocin gefe. Kowa ya kan cika wayarsa da hoton lotsewar bamba daga kusa. Lotsewa ba za ta gudu ba, gobe ma tana nan. Inda motocin suka tsaya kuwa, da an tura su ya tafi ke nan.

Shaidu ma haka suke watsewa. Fasinjan motarka shaida ne, amma wanda ya fi shi nauyi shi ne wanda bai san ku ba: direban da ke biye da ku, mai A Daidaita Sahu da ke ɗaya hannun, mai faci ko mai shayi a bakin hanya. Karɓi suna da lambar waya nan take. Kada ka tambaye shi wa ke da laifi, tambaye shi me ya gani tun kafin karon. Duba kuma ko akwai gidan mai, banki ko kanti mai kyamara da ke kallon titi. Yawancin waɗannan na'urori suna goge tsohon hoto da kansu idan ma'ajiyarsu ta cika, don haka a ranar ake zuwa a roƙa, ba bayan mako biyu ba.

Idan kana da kyamarar gaban mota, kashe ta ka zare memorin kafin a ja motar. Tana ɗauka ne gunduwa-gunduwa, minti 1 ko 3 ko 5, sabo yana hawa kan tsoho. Wasu suna kulle gunduwar da aka yi karo a cikinta, amma ba sa kulle wadda ta gabace ta, alhali a can rigimar ta faro. A karon birkin gangan, mintuna biyu ko uku kafin bugun su ne shari'ar.

Harshe kuma a kama shi. Cewa "sannu, ba ka ji ciwo ba?" mutunci ne, babu laifi. Cewa "ka yi haƙuri, ban gan ka ba, zan gyara" amsa laifi ne a gaban shaidu, kuma kusan kowace takardar inshora tana da sharaɗin kada ka amsa laifi ba da izinin kamfanin ba. A ɗaya ɓangaren, mai birkin gangan sau da yawa da bakinsa yake kama kansa yana cikin fushi: "ai gobe ma ka ƙara yi mini hon." Duk wanda ya ji wannan kalma, a rubuta sunansa.

Abin da kwalta da ƙarfe suke faɗa

Idan muka isa wurin, tef ɗin awo muke fara warwarewa. Muna zaɓen abu biyu da ba sa motsi, kamar turken lantarki da bakin kwalbati, daga su ake auna komai, yadda ko bayan wata shida za a iya dawowa a nuna daidai inda kowace taya ta tsaya. Sai mu nemi wurin da aka haɗu. Fasassun gilashin fitila da busasshiyar laka da ta zubo daga ƙarƙashin mota suna nuna shi, sai dai tarkace kan yi gaba kaɗan da gudun motar, don haka mun fi yarda da inda sawun taya ya karye ya canza hanya kwatsam, ko inda ƙarfe ya karci kwalta.

Sawun birki yana ba da gudu. A busasshiyar kwalta mai kyau, riƙon taya ya kan kai wajen 0.7. Ana ninka tsawon sawun da wannan adadi, a ninka da 254, a fitar da tushen jimillar, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da jimillar. Sawu mai mita 20 yana ba da kusan kilomita 60 a awa, kuma wannan mafi ƙarancin gudun ne, tunda sauran ƙarfin ya tafi a cikin bugun. Idan akwai yashi a kan kwalta, ko ruwan farko na damina ya taso da maiƙo, adadin riƙon yana faɗuwa sosai, lissafin ya canza. Motoci masu birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa, ba sa barin baƙin sawu, sai wani dishi-dishi mai tsinkewa da ake gani idan aka durƙusa aka kalli titi ta gefen hasken rana, kuma motoci na bi ta kai na ɗan lokaci ya ɓace.

A nan akwai abin da ake yawan tsallakewa. Kowa yana neman sawun motar baya, mu kuwa mun fi damuwa da na motar gaba. Idan motar gaba ta bar sawu mai tsawo a titin da babu komai, ta shaida da kanta cewa birki aka danne har ƙasa, ba rage gudu aka yi ba. Idan kuma sawun ya fara a karkace daga wani hannun ya shigo hannun na baya, to shigowa da birki tare aka yi su.

Jikin motocin ma yana magana. Motar da ke cin birki mai ƙarfi gabanta yana dulmiya, bayanta ya ɗaga. Shi ya sa idan duka biyun suna kan birki, bambar ta baya takan shige ƙarƙashin bambar ta gaba, ɓarnar ta sauka a kan fitilu da bonet da lagireto, ƙarfen bamba kuwa ya tsira. Wannan yana nuna na baya ya ga abin ya taka. Idan bamba ta haɗu da bamba daidai wa daida, babu sawu ko kaɗan daga na baya, to akwai alamar hankalinsa ba ya kan hanya, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai tambayi wayarsa. Muna kuma duba ko bugun a tsakiya yake ko a kusurwa. Kusurwar hagu ta gaban motar baya a kan kusurwar dama ta bayan motar gaba, ko akasin haka, tana nuna motar gaba ba ta gama daidaita a layin ba lokacin da aka haɗu.

Sai fitilar birki. Wannan ƙaramin abu ya sha juya shari'a. Kada a bari kowa ya taka birki ko ya kunna motar gaba don gwaji kafin a zare ƙwan a duba, domin gwajin kansa yana ɓata shaidar. A tsohon ƙwai mai zare, idan yana kunne lokacin bugun, zaren yana da zafi da laushi, sai ya miƙe ya lanƙwashe. Idan a kashe yake, ko dai ya zauna yadda yake ko ya karye tsaf. Idan gilashin ƙwan ya fashe yana kunne, zaren yakan canza launi saboda iska ta taɓa shi da zafi. Wannan alama tana fitowa ne idan bugun ya yi ƙarfi kuma kusa da fitilar, saboda haka rashin lanƙwasa shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa fitilar a mace take. Fitilun LED ba su da zare, a nan sai mai wayarin ya duba fis da makunnin da ke saman fedar birki. Motar da fitilar birkinta ba ta aiki ta ɗauki kaso na laifi tun kafin a zo maganar niyya.

Lissafin tazara

A nan zan daɗe, domin a nan ake rabuwa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. A 50 tana cin kusan 14, a 100 kusan 28. Daga lokacin da ido ya ga jar fitila zuwa lokacin da ƙafa ta danna birki, masu binciken haɗari sun saba ɗaukar daƙiƙa ɗaya da rabi ga direban da abin ya zo masa ba zato. A gudun 80, wannan mita 33 ke nan da motar za ta ci kafin birki ya fara aiki, sannan ta ƙara wajen mita 36 tana tsayawa. Ƙa'idar daƙiƙa biyu da ake koya wa direbobi daga nan ta fito: a gudun 80, tazarar mita 44 ce, ta rufe wancan jinkirin har da 'yar rara.

To ga hali biyu da 'yan kallo ba sa bambancewa. Na farko, ka daɗe kana bin mutum a manne, mita 10 tsakaninku, ya ji haushi ya taka birki. Shi ya yi ganganci, amma kai ka cinye tazarar da hannunka, kuma da yaro ne ya gifta masa da sakamakon ɗaya ne. A nan rahotonmu ba ya wanke na baya, sai dai a raba. Na biyu, kana tafiya da tazararka cikakkiya, wani ya wuce ka ya yanko cikinta, ya bar mita 10 tsakaninku, ya taka nan take. Mita 10 a gudun 80 ba su kai rabin daƙiƙa ba. Babu ɗan Adam da ƙafarsa za ta isa birki a wannan lokacin. Tazarar da doka ta ce ka bari ka bar ta, shi ya ƙwace.

Saboda haka adadin da muka fi nema shi ne daƙiƙa nawa suka wuce tsakanin shigowarsa gabanka da kamawar fitilar birkinsa. Idan daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, ba ka sami damar ja da baya ba. Idan ya shigo ya yi daƙiƙa goma ko sha biyar a gabanka kana nan a manne, damar ta zo ka ƙi ɗauka, wani kaso ya dawo kanka. Da bidiyo ana ƙirga wannan daidai. Yawancin kyamarori suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Gudun ma ana fitar da shi ta auna nisan turaku biyu na gefen hanya da tef, a ga hoto nawa motar ta ci tsakaninsu.

Ga manyan motoci abin ya fi tsanani, kuma ina ganin a nan aka fi zaluntar direbobi. Birkin tirela na iska ne, yana da jinkirin kusan rabin daƙiƙa kafin ya kama, kuma da lodi tana buƙatar hanya mai tsawo nesa ba kusa ba fiye da ƙaramar mota. Mai ƙaramar motar da ya sha gaban tanka ya taka birki ya sa ransa da na fasinjojinsa a inda ba mai iya cetonsu. Amma direban tirela shi ma za a auna shi da iyakar gudunsa: kilomita 60 a babbar hanya mai tagwayen layi, inda ƙaramar mota ke da 100, bas da tasi 90. Idan ya haura, ya shiga rabon.

Ba kowane birkin kwatsam ne ganganci ba, wannan ma dole a faɗa. Wanda ya taka don akuya, ko yaro, ko rami, ko babur da ya faɗo masa, yana da dalili, kuma na baya ne zai ɗauka. Mai haya da ya tsaya tsakiyar titi don ya hango fasinja, ba sigina, sakaci ya yi, ba mugun nufi ba, kuma galibi rabawa ake yi, musamman tunda duk mai bin motar haya a cikin gari ya san tana iya tsayawa ko'ina. Abin da ke nuna niyya shi ne abin da ya gabata: hon da zagi, bin juna, hannu da aka fitar ta taga, birki sau biyu ko uku a jere kafin na ƙarshe, da titin da babu komai a kansa. Akwai kuma masu yin haka don kuɗi, su jawo karo da tsohuwar lotsewa su nemi a biya su. Tsatsa a cikin lanƙwasar ƙarfe, ko ƙura a bakin fashewar roba, tana nuna ɓarnar ta girmi ranar.

Idan motoci uku ne a jere, muna tambayar mutanen motar farko bugu nawa suka ji. Bugu ɗaya yana nuna an turo ta tsakiya ne ta faɗa musu. Bugu biyu yana nuna ta tsakiya ta fara dukansu, sannan ta uku ta zo.

Ofishin 'yan sanda da VIO

Sashen 'yan sanda mai kula da haɗarin mota, wanda aka fi sani da MTD, shi ke zana taswirar wurin. Za a ce direbobin biyu su sa hannu. Karanta kafin ka sa. Duba ko an nuna sawun birkin motar gaba, ko an rubuta tsawonsa, ko an nuna babu wani cikas a gaba. Idan babu, ka nemi a ƙara cikin ladabi, domin abin da ba ya cikin zanen da ka sa wa hannu yana da wuyar shigarwa daga baya.

A jawabinka ka bi lokaci daki-daki: gudunka, hannun da kake, inda ka fara ganin motar, yadda ta wuce ka, tazarar da ta bari, abin da ke gabanta. Faɗi abin da ka gani, ka bar abin da kake zato. "Ya shigo gabana da tazarar kamar tsawon mota biyu, nan take fitilarsa ta kama, babu komai a gabansa" ya fi "da gangan ya yi" amfani sau goma. Kada kuma ka ɓoye cewa ka yi hon ko kun yi cacar baki. Zai fito, kuma shi ne ma yake bayyana dalilin birkin.

Daga nan jami'in duba lafiyar mota, VIO, zai gwada motocin biyu: birki, taya, sitiyari, fitilu. Nemi a rubuta halin fitilun birkin motar gaba a rahoton, kada a tsaya kan birkin ta baya kawai. Kada a kai mota gareji kafin wannan dubawa. Idan motar gaba 'yar Amurka ce ta shekarun baya-bayan nan, akwai yiwuwar na'urar jakar iskarta ta adana kusan daƙiƙa 5 kafin bugun, da gudu da taka birki da totur. Kayan karanta ta ba ko'ina ake samu ba, amma idan an yi asarar rai ya cancanci lauya ya nema.

Ta fuskar laifi, tuƙin ganganci a jadawalin FRSC tararsa naira 50,000 ce da maki 10 a kan lasisi, kuma dokar hukumar ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda gangancinsa ya kashe mutum. Mai birkin gangan yana iya fuskantar wannan ko da shi aka daka. Sai dai a sani, ɗan sanda ba ya yanke wa zai biya wa. Rahotonsa hujja ce mai nauyi, amma rabon kuɗi na sulhu ne, ko na inshora, ko na kotu.

Inda ake raba kuɗi

Sanar da kamfanin inshorarka a rubuce cikin kwanakin da takardarka ta ƙayyade, ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Za su nemi fom ɗin neman biya, rahoton 'yan sanda, lasisi, takardun mota, hotuna da ƙiyasin gyara. Tun 1 ga Janairun 2023 inshorar da ta wajaba a kan motar gida naira 15,000 ce a shekara, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Ba ta gyara motarka, ta wanda ka ɓata wa take gyarawa. Don haka idan na gaba ne da laifi, inshorarsa za ka bi. Tun a wurin haɗari ka duba lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na NIID, domin takardun bogi sun yi yawa, kuma idan tasa ta bogi ce aljihunsa za ka bi, ko na mai motar idan direban ɗan aikinsa ne yana kan aiki.

A kotu, wanda ke cewa ɗayan ma ya yi sakaci dole ya rubuta hakan a takardun ƙara tun farko, ya jera abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin gyara da na kwanakin da motar haya ta yi a ajiye sai an kawo rasit da lissafi, ba a ƙiyasta su da baki. Bidiyo kuma ba a miƙa shi haka kawai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar a bayyana na'urar da ta ɗauka da cewa tana aiki daidai, galibi da takardar shaida mai sa hannu. Ajiye asalin memorin, ka yi aiki da kwafi, kada ka yanke, kada ka dogara da wanda aka turo ta WhatsApp domin yana rage ingancin hoto. Idan motar gwamnati ce a ciki, ga lauya da wuri, saboda dokar kare jami'an gwamnati wa'adin wata 3 ta bayar na shigar da ƙara.

Ga yadda rabon yake a aikace. A ce gyaran motar baya naira 2,000,000 ne, na gaba 1,200,000, aka ɗora wa na gaba kashi 70, na baya kashi 30. Na gaba zai biya 70 cikin 100 na ɓarnar na baya, wato 1,400,000. Na baya zai biya 30 cikin 100 na ɓarnar na gaba, wato 360,000. Idan aka cire, na gaba zai miƙa 1,040,000, kowa ya cike sauran gyaransa daga aljihunsa.

Waɗanda suka fi son a warware ta hanyar shari'ar Musulunci, musamman idan maganar diyya ta shigo, za su tarar da tambayar nan tana can tun da daɗewa. Malaman fiƙihu sun bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi. Asali lamuni, wato nauyin biyan ɓarnar, yana kan na farko ko da bai yi nufi ba. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a ƙudurinta mai lamba 71 kan haɗuran mota da ta zartar a Burunai a 1993, ta bayyana cewa idan mai sanadin ne ya ƙetare iyaka, wanda ya yi bugun kuwa bai ƙetare ba, lamunin yana komawa kan mai sanadin, idan kuma sun yi tarayya kowa ya ɗauki gwargwadon nasa. Wanda ya yanko gabanka ya danne birki ba dalili shi ne mai sanadin da ya ƙetare iyaka.

Yawancin waɗannan fayiloli a sulhu suke ƙarewa, a harabar ofishin 'yan sanda ko a gaban shugabannin tasha, kuma ba na ganin aibin hakan matuƙar an auna kafin a zauna. Idan da inshora a ciki, sai da saninsu. Takardar sulhun ta ƙunshi lambobin motocin biyu, rana da wurin haɗarin, kason kowa, adadin kuɗi da ranar biya, da garejin da zai yi aikin. Kada a rubuta adadin ƙarshe sai bakanike ya kwance bamba ya duba ƙarfen ciki, da lagireto, da tukunyar iyakwandishan, da ko ƙasan but ya tattare, domin robar waje takan koma daidai ta ɓoye ɓarnar. A ware maganar rauni daban, tunda ciwon wuya daga bugun baya sau da yawa sai washegari ko bayan kwana biyu yake tashi. Shaida biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, a yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a fayil ɗin ɗan sandan da ke binciken.